"Yaron Nan Ba Ya Ji": Haƙƙin Ƙananan Kurame Da Masu Ƙarancin Ji A Kanmu

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zango. An buga shi a nan domin amfanin membobin da ba su samu halarta ba, da iyalansu.



Muna godiya da aka ba mu wannan dama, duk da cewa mu ba likitoci ba ne, ba kuma masana ilimin masu buƙata ta musamman ba. Malaman aji ne masu takardar NCE, waɗanda suka shafe shekara ashirin da 'yan kai suna shaƙar ƙurar alli a ƙananan azuzuwa. Abin da za mu faɗa yau, wani a littafi muka karanta shi, wani a bakin likitoci da kurame manya muka ji shi, wani kuwa sai da muka yi kuskure sannan muka gane shi.

Akwai wata magana da ba a yini a makarantar firamare ba tare da an ji ta ba: "Yaron nan ba ya ji." Idan malami ya faɗe ta, kowa ya san abin da yake nufi, wato yaron yana da taurin kai. Muna kuma cewa yana da kunnen ƙashi, ko rashin ji ya yi masa yawa. Harshenmu ya haɗa yaron da ya ƙi bin umarni da yaron da umarnin bai kai kunnensa ba a cikin kalma guda, mu kuma a aikace sau da yawa mukan haɗa su a ƙarƙashin bulala guda. Wannan shi ne abin da muke so mu tattauna a kai.

Abin da ruwan sama ya koya mana

Shekarun baya an ba mu aji biyu, ɗalibai sun haura casa'in, benci bai kai ashirin ba. A cikinsu akwai wata yarinya da kullum take zama can baya, jikin bango. Idan ana kiran rajista ba ta amsawa sai ta kusa da ita ta zungure ta, har akwai ranakun da muka rubuta ba ta zo ba alhali tana zaune. Idan aka yi shifta sifiri take ci, amma idan aka ce a kwafi abin da ke kan allo, littafinta ya fi na kowa tsafta. Sai muka yanke hukunci cewa ta iya, raini ne kawai. Mun sa ta durƙuso, mun sa ta shara, mun kuma yi mata bulala, har tsawon zango biyu.

Wata rana da damina ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya ana tsakiyar darasin lissafi. Ajin ba shi da silin, rugugin kwano ya cika ko'ina, ko ihu muka yi babu mai ji. Dole muka koma ga allo da hannu: mu rubuta, mu nuna da yatsa, mu ƙirga da duwatsu a kan tebur. Yaran nan duk suka rikice, suna kallon-kallo. Ita kuwa yarinyar ita ce ta fara gama aikin, ta ɗaga hannu, kuma duk ta yi daidai. A ranar dukan ajin ya zama kamar ita, ita kaɗai ce ta saba da irin wannan karatu.

Da muka je gidansu, mahaifiyarta ta ce ta yi ƙyanda tana 'yar shekara uku, kuma tun daga nan duk lokacin sanyi kunnenta kan zubar da ruwa. A gida an ɗauka miskilanci ne. Da aka kai ta asibiti aka tarar dodon kunnenta na hagu ya huje, na dama ma jinsa ya ragu. An yi mata magani, mun dawo da ita bencin gaba, ta gama firamare ta wuce sakandare. Mun nemi gafararta da ta iyayenta, sun kuma yafe. Abin da har yau yake hana mu sakat shi ne tunanin waɗanda suka gabace ta a hannunmu, waɗanda ruwa bai sauka a ranar darasinsu ba, aka ce ba su da kan karatu, aka cire su aka ɗora musu talla.

Yawansu da abin da ke jawo lalurar

Kada mu ɗauka wannan yarinya ita kaɗai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021 kan sha'anin ji, ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya suke fama da raunin ji wanda yake buƙatar kulawa, ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da za a iya kauce musu yake zuwa. Abubuwan nan kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu: ƙyanda, da sanƙarau, da hangum, da shawarar da ke kama jariri a makon farko, da doguwar naƙuda wadda jariri kan fito bai yi kuka da wuri ba, da ciwon kunne mai zubar da mugunya wanda aka bari ya daɗe, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi wa yara a kemis ba da umarnin likita ba. Akwai kuma wanda gado ne, da shi aka haifi yaro.

Duk wanda ya kai shekarunmu a wannan ɗaki yana tune da sanƙarau na 1996, wanda ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, akasari a Arewa, ya kashe sama da 11,000. An ƙirga waɗanda suka rasu, amma da yawa daga waɗanda suka tashi sun tashi ne ba kunne, domin kusan ɗaya cikin biyar na masu warkewa daga wannan cuta tana barinsu da wata nakasa, kurumta kuwa tana kan gaba. Muna cikin yankin da sanƙarau ke dawowa duk lokacin zafi, don haka babu makarantar da za ta ce maganar nan ba ta shafe ta ba.

Yaran da muke magana a kansu kashi biyu ne. Akwai masu ƙarancin ji, waɗanda suke jin magana idan an matso kusa, an kuma yi shiru; waɗannan su ne suka fi yawa, kuma suna nan zaune a azuzuwanmu ba mu san da su ba. Akwai kuma kurame waɗanda ba sa jin magana ko an ɗaga murya. Waɗannan yawancinsu ba su ma iso ƙofar makaranta ba. Buƙatun kashi biyun sun bambanta, amma hatsarin da ke gabansu ɗaya ne.

Babbar asarar a harshe take

Mu tuna yadda 'ya'yanmu suka koyi Hausa. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu. A bayan uwa suka tsince ta, a hirar tsakar gida, a tatsuniyar kaka, a cacar bakin yayye. Kafin yaro ya shiga aji ɗaya ya tara dubban kalmomi, ya san jiya da gobe, ya san "saboda" da "idan". A kan wannan harsashi muke ɗora karatu da rubutu da lissafi.

Fiye da tara cikin goma na yara kurame kuwa iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zama da kurma ba. Yaron yana ganin bakuna suna motsi, ana dariya bai san dalili ba. Abin da ake yi masa bai wuce nunin ci da sha da "zo" da "bari" ba. Sai ya kai shekara shida ko bakwai ba shi da cikakken harshe ko ɗaya, alhali shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Sannan mu kawo shi aji mu ce ya karanta baƙaƙen da ke wakiltar sautin da bai taɓa ji ba. Idan ya kasa, mu ce daƙiƙi ne. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, abin da za ta yi aiki da shi ne ba a ba ta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa a ƙasashen da suka ci gaba ake gwada jin jariri a watansa na farko, a tabbatar da lalurar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Mu a nan, sau da yawa malamin aji ɗaya ne mutum na farko da zai lura.

Harshen da kurma zai samu cikakke ba tare da wani shamaki ba shi ne na hannu. An daɗe a duniya ana jayayya a kan wannan. A 1880 wani taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara magana da baki. An bi wannan ra'ayi shekaru masu yawa, yara suka ƙare kuruciyarsu suna kwaikwayon motsin leɓe ba su samu ilimi ba, sai a 2010 taron ya janye wancan hukunci a hukumance, ya kuma nuna nadama. Har yau akwai iyayen da suke tsoron cewa idan yaro ya koyi maganar hannu ba zai yi magana da baki ba. Abin da masana suka gano shi ne maganar hannu ba ta hana maganar baki. Yaron da ya samu harshe ɗaya ya fi saurin kama na biyu.

A ƙasar nan, Andrew Foster, wani baƙar fata ɗan Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, kuma ta hannunsa da ɗalibansa salon maganar hannu irin na Amurka ya shiga makarantunmu. A 1977 aka kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a Oyo, a shekarar kuma aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Amma tun kafin wannan duka, kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda suke ciniki da hira da shari'a da shi, har da sarautar Sarkin Bebaye. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kan nahawun wannan harshe a 2000. Abin kunya ne a ce baƙuwa ta zo ta koye shi, mu da muke gida ɗaya da masu shi ba mu iya ko gaisuwa ba.

Abin da ke hannun malamin aji

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar ko kwabo, kuma za mu iya fara su ranar da aka koma hutu.

Na farko, mu buɗe ido. Yaron da ke karkata kai gefe guda idan ana magana, wanda ke zuba wa bakin malami ido, wanda ke leƙa littafin maƙwabcinsa kafin ya fara aiki, wanda ke yawan cewa "na'am?", wanda ke magana da ƙarfi fiye da kima ko yake haɗiye sautuka irin su "s" da "sh" da "ts", wanda kunnensa ke wari ko zubar da ruwa, duk waɗannan abin a bincika ne. Gwajin mai sauƙi ne: a samu wuri shiru, a tsaya bayan yaro tazarar tsawon hannu, a toshe masa kunne ɗaya, a raɗa kalmomi ko lambobin da ya sani, a ce ya maimaita, sannan a juya ɗaya kunnen. Wannan ba ya maye gurbin likita, amma ya isa ya sa mu kira iyaye mu ce a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Akwai ma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda wannan ne aikinta.

Na biyu, wurin zama. Murya tana raguwa sosai duk lokacin da nisa ya ninka, don haka yaron da ke layi na takwas ɗan guntun abin da na layin farko ke ji ne yake isa gare shi. A dawo da shi gaba, kunnensa mai kyau yana fuskantar malami, nesa da taga mai kallon titi ko injin markaɗe.

Na uku, fuskarmu. Ɗabi'armu ce mu juya wa aji baya muna rubutu muna bayani. Ga wannan yaro, darasi ya tsaya ke nan. Mu gama rubutu, mu juyo, sannan mu yi magana, haske yana kan fuskarmu, ba mu tsaya a bakin ƙofa rana na bayanmu ba. Kada mu yi ihu, domin ihu yana ɓata siffar baki. Mu yi magana a natse. Kada kuma mu dogara ga karatun leɓe kaɗai. Ku gwada a gaban madubi: "bari" da "ɓari" da "mari" kamanninsu ɗaya a leɓe. "Kara" da "ƙara" da "gara" a can cikin baki ake bambanta su, ido ba ya gani. Kukan jariri da kukar miya kuwa karin sauti ne ya raba su, shi kuma ba ya bayyana a fuska. Saboda haka duk sabuwar kalma a rubuta ta a allo, a nuna abin ko hotonsa, aikin gida ma a rubuta shi. Idan wani ɗalibi ya ba da amsa daga baya, a maimaita ta. Kada a tambayi yaro "ka gane?", domin ya daɗe da koyon gyaɗa kai don ya tsira, a ce ya nuna abin da zai yi.

Na huɗu, a haɗa shi da aboki mai hankali wanda zai nuna masa shafi, ya taɓa shi idan an kaɗa ƙararrawa. A hana tsokana da kiransa "bebe". Yawancin kurame muryarsu lafiya take, magana ce ba su ji ba balle su kwaikwaya. Idan yana da na'urar ƙara ji, a duba kowace safiya ko batirinta yana aiki, a kuma sani cewa tana ƙara hayaniyar aji kamar yadda take ƙara muryar malami.

Na biyar, kuma muna faɗar wannan ne muna sunkuyar da kai: mu daina marin yara. Mari ɗaya a kan kunne yana iya fasa dodon kunne. Kada malami ya zama cikin jerin abubuwan da ke jawo lalurar.

Ga iyayen da za su karanta wannan a gida, roƙonmu shi ne a kai yara rigakafin ƙyanda da sanƙarau, kyauta ne. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a gaggauta kai shi asibiti. A daina sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana, a daina ɗiga masa man ja ko ruwan ganye. Kurman da ke gida kuma kada a ɓoye shi a ce ana jira ya yi wayo. Jiran nan shi ne yake cutar da shi.

Abin da ya fi ƙarfin malami ɗaya

Duk abin da muka lissafa zai taimaki mai ƙarancin ji, amma ba zai wadatar da kurma ba. Idan aka zaunar da shi cikin yara casa'in, malami bai iya maganar hannu ba, babu wani kurma ɗan uwansa, an cika rajista ne kawai, ba a ba shi ilimi ba. Makarantun musamman kuma kaɗan ne, yawanci a babban birnin jiha, kuma ba kowace uwa ce za ta iya rabuwa da ɗan shekara biyar ta kai shi makarantar kwana mai nisa ba.

Doka tana tare da mu. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su damar karatu kyauta har zuwa sakandare, ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati samun aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da su, ta kuma ce maganar hannu ta shiga manhaja. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ma tana ware wani kaso na tallafin da take ba jihohi domin ilimin masu buƙata ta musamman. Kowa a nan ya tambayi kansa ko ya ga alamar waɗannan a makarantarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa muke gabatar wa reshe da waɗannan shawarwari:

1. Kowace makaranta ta gwada jin ɗaliban rainon yara da aji ɗaya a zangon farko, ta miƙa wa reshe adadin waɗanda ake zargi. Idan muka je wa hukuma da alƙaluma, maganarmu za ta fi nauyi.

2. Reshe ya binciko membobinmu da suka karanta ilimin musamman a Oyo, ko Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Jos, waɗanda aka tura su koyar da wasu darussa daban, ya nemi sakataren ilimi ya mayar da su inda ake buƙatarsu.

3. A nemi a buɗe aji na musamman a makaranta ɗaya cikin kowace gunduma, inda ƙananan kurame za su yi karatu da hannu, su yi wasa da sauran yara, su kwana a gidajen iyayensu.

4. A ɗauki kurame masu NCE aikin koyarwa. Suna nan da takardunsu ba aiki, kuma babu wanda zai koya wa yaro harshe kamar mai harshen. Yaron da ya ga kurma yana riƙe da alli ya san shi ma yana da makoma.

5. Reshe ya gayyaci ƙungiyar kurame ta garin nan ta riƙa koya mana maganar hannu awa ɗaya a mako, tare da iyaye, mu kuma biya masu koyarwar haƙƙinsu. Ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, da 23 ga Satumba, ranar harsunan hannu, su zama lokutan da za mu zauna mu duba inda aka kwana.

Kammalawa

'Yan uwa, mun san halin da muke ciki. Mun san albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da ƙarin girman da ke tsayawa a takarda, da ajin da ya cika ya batse. Wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya. Amma mu da muke kukan cewa muna magana hukuma ba ta saurarenmu, mun fi kowa sanin zafin zama a wurin da ake yanke hukunci a kanka ba ka da bakin magana. Yaron nan haka yake zaune a gabanmu awa biyar ko shida kowace rana.

Idan an koma makaranta, kowannenmu ya buɗe rajistarsa, ya sa alama a gaban sunan duk yaron da ya taɓa cewa ba ya ji. Kafin bulala ta sake hawa kansa, a kai shi wuri shiru, a tsaya bayansa, a raɗa sunansa. Minti biyu ya isa. Mai yiwuwa a tarar taurin kai ne, a ci gaba da tarbiyya. Mai yiwuwa kuma a tarar da abin da muka tarar, amma da sauran lokacin gyara.

Allah Ya yafe mana kurakuran da muka yi cikin rashin sani, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu.